SUNANKA YANA CIKIN LITTAFIN OFIS

Jama'a, duk wanda ya san ƙasarmu ta arewacin Kano ya san ba mu da daji. In ka tashi daga Ungogo ka nufi Minjibir, ko ka bi hanyar Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko ka miƙe zuwa Ɗambatta, gona ce ke bin gona, gida yana kallon gida. Ba a barin fili ya huta. Kowace shekara sai an kai taki, an noma, an girbe. Saboda haka kowa ya san iyakar gonarsa. Wani ya dasa mata gamba, wani lalle, wani aguwa, yana kuwa tsaronta kamar idonsa.

To, ban da gona da gida, akwai wani abu namu wanda ba mu ganinsa, ba mu kuwa tsaronsa. Shi ne abin da aka rubuta game da mu cikin littattafan ofis. An rubuta sunanka, da sunan mahaifinka, da garinku, da shekarunka. A wani wuri an rubuta girman gonarka. A wani wuri an rubuta ciwon da ya kai ka asibiti. A wani wuri kuma an rubuta shari'ar da aka yi da kai, ko da mahaifinka. Kana gida, takardun nan suna can ajiye. Ran da magana ta tashi, su za a buɗe, abin da suka ce kuwa yana da nauyi ƙwarai.

Cikin wannan darasi za mu ga inda takardun suke, da ikon da doka ta ba ka na ganinsu, da yadda ake nema, da abin da ya wajaba a kan akawun da ke tsaronsu.

TUN YAUSHE AKE RUBUTA MU?

Ba yau aka fara ba. Turawa sun ci Kano cikin 1903. Ba a daɗe ba aka shiga auna gonaki a gundumomin da ke kewaye da birni, don a yanka haraji. Masu awon nan ana ce da su malaman taki. Ba takin da jaki ke kai wa gona ake nufi ba, takin ƙafa ne, gama da tafiya suke awo, suna ƙirga sawu. Daga baya aka sami ma'aikata masu awo da sarƙa, suna zana taswira, suna rubuta sunan mai kowace gona. Dagaci shi ma yana da malaminsa, mai riƙe da littafin haraji, inda ake jera sunayen magidanta unguwa unguwa.

Wajen shari'a ma haka ne. Sarkin Kano Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. Shari'o'in da aka yi a majalisarsa cikin 1913 da 1914 an rubuta su da Larabci, suna nan har yau, masana suna karanta su. A ciki akwai rigingimun gona da na gida, da sunayen masu ƙara da waɗanda aka yi ƙara. Ku duba, fiye da shekara ɗari ke nan, mutanen duk sun shuɗe, amma rubutun bai shuɗe ba.

Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Littafin haraji ya daina aiki, amma rubuta mutane bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Yau Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa. Hukumar katin ɗan ƙasa tana ba kowa lamba mai alƙaluma 11, wadda muke kira NIN. Bankuna suna da tasu lambar, watau BVN, wadda aka fara cikin 2014. Ga rajistar zaɓe, ga katin asibiti, ga littafin makaranta, ga rajistar layin waya. Tun daga Dokar Ƙasa ta 1978 kuma, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar izinin riƙe gona a karkara, don haka ita ma tana da nata littattafai. Wasu na takarda ne, wasu suna cikin kwamfuta.

INA TSOFAFFIN TAKARDU KE TAFIYA?

Takardun ofis kamar hatsi ne. Akwai wanda aka ɗebo aka sa a ɗaki, ana ci kullum. Akwai kuma wanda ke cikin rumbu, ba a taɓa shi sai da dalili. Takardar da ake aiki da ita tana kan teburin akawu ko cikin kabad. Wadda ta gama aiki, in tana da amfani, sai a kai ta rumbun takardu, watau gidan ajiye takardun tarihi.

A Nijeriya an kafa irin wannan gida cikin 1954 a Ibadan, bisa ƙoƙarin wani masanin tarihi, Dokta Kenneth Dike. Manyan rassansa uku ne: Ibadan, da Inugu, da Kaduna. Na Kaduna shi ke riƙe da takardun tsofaffin lardunan Arewa, har da Lardin Kano, da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomi. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar wurin bincike cikin 1970. A birnin Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, a Gidan Ɗan Hausa. Ban da waɗannan, kowace kotu, da asibiti, da ƙaramar hukuma, tana da ɗakin da take tara tsofaffin littattafanta.

Kada mu ruɗi kanmu, ba dukan abin da aka rubuta ne ya tsira ba. Wasu takardu gara ta ci, wasu ruwa ya lalata, wasu sun ɓace wajen ƙaura daga ofis zuwa ofis. Amma da yawa suna nan.

ABIN DA DOKA TA CE

Tushen maganar yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 37 ya ce a kiyaye sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Bayan wannan akwai dokoki uku da ya kamata mu sani.

Ta ɗaya ita ce dokar gidan ajiye takardun tarihi ta 1992. Ta ce takardar gwamnati in ta kai shekara 25, jama'a suna iya zuwa su karanta ta. Amma wadda ta shafi zaman mutum na cikin gida, ba a nuna wa kowa sai da rubutaccen izinin mai ita, ko na magadansa.

Ta biyu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu cikin watan Mayu 2011. Ta ce kowa yana iya neman ganin takarda a ofishin gwamnati, ba lalle ne kuma ya faɗi dalilinsa ba. Ofis yana da kwana 7 ya ba da amsa. In aikin yana da yawa, yana iya ƙara wasu kwana 7, amma sai ya sanar. Ga wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Dokar ta ce wanda bai iya rubutu ba yana iya aiko wani ya nema masa. In kuwa ya zo ya faɗi roƙonsa da baki, ma'aikaci ne zai rubuta, ya ba shi kwafi ya riƙe. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan ofisoshin jihohi. Cikin 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu.

Ta uku ita ce Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin watan Yuni 2023. Wannan ba ofishin gwamnati kaɗai ta shafa ba, har da banki, da kamfanin waya, da asibitin kuɗi. Ba ta bambanta takarda da kwamfuta ba. Ta ba ka ikon ka tambayi mai ajiya: Kuna da wani abu game da ni? Mene ne? Don me kuka ajiye shi? Daga ina kuka samo? Wa kuka ba? Har yaushe za ku riƙe shi? Tana kuma ba ka ikon karɓar kwafi, da neman a gyara kuskure. Dole a amsa maka ba da jan rai marar dalili ba. Ikon nan na kowa ne, namiji da mace, mai kuɗi da talaka.

GA MISALI

A ce ga wani magidanci a ɗaya daga ƙauyukanmu. Wata shekara da aka yi fari, mahaifinsa ya ba da gona jingina don ya sayi hatsi. Shekaru suka wuce. Mahaifin ya rasu, wanda ya karɓi jinginar ya rasu, dattawan da suka yi shaida su ma duk sun rasu. Yanzu magidancin ya tara kuɗi zai fanshi gonar, sai 'ya'yan wancan suka ce ai ba jingina ba ce, saye ubansu ya yi. Ba ƙarya suka shirya ba, abin da suka taso suka ji ke nan.

Amma gwaggonsa ta tuna an taɓa zuwa gaban alƙali a kan gonar nan, shekarar da aka haifi autanta. Sai magidancin ya je wurin dagaci ya karɓi takarda mai nuna shi ɗan wane ne. Ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa, ya tafi kotu, ya yi sallama da magatakarda.

Magatakarda ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Me ke tafe da kai?"

Ya ce, "Malam, littafin shari'a nake so a duba mini. An yi zama da mahaifina a kan wata gona."

"Wace shekara ce?"

"Ban riƙe shekarar ba, amma yaron da aka haifa a lokacin yanzu yana da shekara wajen arba'in da biyar."

Magatakarda ya duba katin, ya duba takardar dagaci, ya rubuta roƙon, ya ba shi ɗan guntun takarda mai kwanan wata. Ya ce ya komo bayan mako guda. Da ya komo, an sami littafin. Amma kafin a buɗe masa, magatakarda ya sa farar takarda ya rufe rabin shafin.

Magidancin ya ce, "Malam, me ka ɓoye mini kuma?"

Ya ce, "Baba, wannan ba taku ba ce. Maganar auren wasu mutanen garinku ce, jikokinsu suna nan da rai. Da su ne suka zo, taku zan rufe."

Magidancin ya yi shiru, ya ce, "Gaskiyarka." Ya sa yatsa yana bin layi a hankali har ya kai ga kalmar da yake nema, ya karanta da kansa: jingina. Aka yi masa kwafi, aka buga hatimi, ya biya kuɗin kwafin, aka ba shi rasit.

Ku lura, takardar ba ita kaɗai ce za ta mayar masa da gona ba. Alƙali zai auna ta tare da sauran shaidu, ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Haka kuma tsohon littafin haraji ba takardar mallaka ba ne, yana nuna wanda ke noman gonar ne a wannan shekara. Da kalmar da aka samu "saye" ce, da sai ya haƙura, ya huta da yawon kotu da ɓata zumunci. Ko ta wane hali gani ya kori ji.

AIKIN AKAWU

Wataƙila a cikinku akwai wanda ɗansa ko 'yarsa ke aikin ofis. Ku karanta musu wannan. Takardun mutane amana ce a hannun akawu, amanar kuwa fuska biyu gare ta. Ya nuna wa mai abu abinsa. Ya hana wanda ba nasa ba ne. Ga yadda ake yi.

1. Ya karɓi roƙon da fara'a, ya shigar da shi cikin littafi, da kwanan wata, ya ba mai nema shaida. Daga ranar nan ake fara ƙirga kwanaki.

2. Ya tabbatar da mai neman. A ƙauye guda sai ka sami mutum biyar suna ɗaya, sunan uba ɗaya. Sai an haɗa da laƙabi, da unguwa, da kati mai hoto. In wakili aka aiko, ya zo da izinin mai abu. In mai abu ya rasu, wanda ya zo ya nuna shi magaji ne. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kariya ce ga mai takarda, don kada abokin rigimarsa ya zo da sunansa ya karanta asirinsa.

3. Ya bincika da gaske, kada ya leƙa kabad guda ya ce babu. Suna ɗaya ana rubuta shi iri iri: Muhammadu, Mamman, Mohammed. Sunayen garuruwa ma Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji. Iyakokin mulki kuma sun sake. An yi Jihar Kano cikin 1967, aka yi sabon tsarin ƙananan hukumomi cikin 1976, aka fitar da Jigawa cikin 1991. Kowane canji ya sa takardu sun yi ƙaura. In littafin ba ya wurinsa, ya gaya wa mai nema inda aka kai shi.

4. Ya karanta takardar kafin ya miƙa. Tsofaffin littattafai sukan haɗa mutane da yawa a shafi guda. Abin da ya shafi sirrin wani, a rufe shi. Amma kada a hana shafin duka saboda layi biyu. Dokar 2011 ta ce a ware abin da ba a iya bayarwa, a ba da sauran.

5. Ya ba da kwafi, asalin ya zauna a ofis. Ba a fita da tsohon littafi, ba a yaga shafi, ba a jiƙa yatsa da yawu ana buɗawa. Kuɗin da za a karɓa na yin kwafi ne kawai, da rasit. Ba a sayar wa mutum ganin abinsa.

6. In akwai dalilin hanawa, ya rubuta shi a takarda. Doka ta yarda a hana abin da zai ɓata binciken laifi, ko ya taɓa tsaron ƙasa, ko ya tona asirin wani. "Oga ba ya nan" ba dalili ba ne. Dokar 2011 ta sa tarar Naira 500,000 a kan wanda kotu ta samu ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Wanda kuwa ya lalata takarda ko ya sake abin da ke ciki da gangan kafin ya bayar, hukuncinsa ɗauri ne, aƙalla shekara 1.

7. In mai nema ya nuna kuskure, a duba hujjarsa. Takardar da ake aiki da ita, kamar rajistar banki ko ta ɗan ƙasa, gyara ta ake yi, bisa ƙa'idar wannan ofis. Amma tsohon littafi na tarihi ba a kankare shi, gama in an kankare yau saboda kai, gobe za a kankare saboda abokin rigimarka. Abin da masu ajiya kan yi shi ne su liƙa wata takarda kusa, mai cewa wane ya zo ran kaza, ya ce abu kaza ba daidai ba ne, ga hujjarsa.

YADDA ZA KA NEMA

Kafin ka bar gida, ka tara abin da ka sani. Wane ofis ne? Wace shekara ce? In ba ka riƙe shekara ba, ka tuna abin da ya faru a lokacin, kamar fari, ko naɗin hakimi, ko haihuwar wani yaro. Ka duba cikin akwati da jakar fata, ko akwai tsohon rasit ko kati mai lamba. Lamba guda takan rage wa akawu aikin kwana uku. Sa'an nan ka rubuta wasiƙa gajeriya, kamar haka:

Ƙauyen ............
Ƙaramar Hukumar ............
Ran ...... ga watan ............

Zuwa ga Shugaban Ofishin ............

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ni ne ............, ɗan ............, na unguwar ............ Ina roƙo a nuna mini abin da aka rubuta game da ni a ofishinku, a kan maganar ............, wajen shekarar ............ Ina so a ba ni kwafi. Na haɗo da kwafin katina. Ina yin roƙon nan bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023.

Ni ne,
............

Ka rubuta guda biyu. Ka ba da ɗaya, ɗayar a sa mata hannu da kwanan wata, ka komo da ita gida. Ita ce shaidarka in an ce ba ka zo ba.

IN AN ƘI FA?

Da fari ka koma ka tuna musu, cikin ladabi, da takardarka a hannu. Sau da yawa mantuwa ce ko yawan aiki. In ba a ji ba, ka nemi shugaban ofis. In ofishin gwamnati ne ya hana, ko kwanaki suka cika bai ce kome ba, doka ta ba ka kwana 30 ka kai magana Babbar Kotu. In kuwa banki ne, ko kamfani, ko wani mai riƙe da bayananka, kana iya kai kuka ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda dokar 2023 ta kafa, mai babban ofis a Abuja. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi malamin ajinku, ko wani mai ilmin doka, kafin kwanakin su ƙare.

YADDA AKA YI A JAMUS

Don mu ga girman abin nan, bari mu leƙa wata ƙasa. Dā Jamus kashi biyu ce. A Jamus ta Gabas akwai 'yan sandan ciki, ana ce da su Stasi. Sun yi shekara wajen 40 suna rubuta abin da mutane ke faɗi da inda suke zuwa, suna sa maƙwabci ya kawo rahoton maƙwabci. Da mulkin ya faɗi cikin 1989, ƙasar ta haɗe cikin 1990, sai aka tarar da takardu waɗanda in an jera su za su kai kilomita 111. Wasu suka ce a ƙone su a huta. Wasu suka ce a'a, kowa ya ga nasa.

Cikin 1991 aka yi doka, daga Janairu 1992 aka buɗe ƙofa. Roƙon da mutane suka kai ya wuce miliyan 3. Kafin a ba mutum fayil ɗinsa, sai ma'aikaci ya karanta shi shafi shafi, ya shafe bayanan waɗanda ba ruwansu da baƙar tawada a jikin kwafin. Mutane da yawa sun gane dalilin da aka kore su daga aiki, ko aka hana 'ya'yansu makaranta. Wasu kuma sun gane wanda suka daɗe suna zargi ba shi da laifi. Abin da magatakardan misalinmu ya yi da farar takarda, shi ne suka yi da baƙar tawada. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun yi tasu dokar kare bayanai cikin 2017.

KAI MA KA TSARE NA WANI

Yadda kake so a rufe naka, haka za ka bar na wani a rufe. Katin asibitin matarka nata ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta sa ma'aikatan asibiti su riƙe sirrin majinyaci, don haka kada ka ji haushi in malamin asibiti ya ce sai da yardarta. Uba ko uwa suna tsayawa a madadin yaron da bai kai shekara 18 ba. In ya kai, shi ke da maganar kansa. In kai ne aka aika ka karanta wa wani tsoho takardarsa, ka karanta masa shi kaɗai, kada ka kai maganar dandali.

Ka kuma yi hattara da naka. Kada ka karanta wa baƙon murya lambar BVN ko NIN ta waya, ko da ya ce daga banki yake, ko ya ce tallafin taki za a ba ka. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a cika ba. Ran da ake rubuta ka a wani ofis, ka ce a nuna maka kafin ka tashi. Ka duba sunanka harafi harafi, ka duba shekarar haihuwa. Kuskuren da za a gyara nan take da alƙalami, in ya kwana cikin kwamfuta, sai an yi tafiya da kashe kuɗi kafin ya gyaru. Akwai waɗanda aka tsayar musu da kuɗi a banki, ko aka hana ɗansu rubuta jarrabawa, saboda sunan da ke wannan kati bai yi daidai da na wancan ba. Rigakafi ya fi magani.

To, jama'a, kun ji. Kakanninmu an rubuta su ba su gani ba, ba a kuwa ba su ikon tambaya ba. Mu an ba mu. Kowa ya koma gida yau ya fito da katunansa da tsofaffin takardunsa, ya jera su a tabarma, ya duba ko sunansa da shekarunsa iri ɗaya ne a cikinsu duka. Wanda ya ga bambanci ya zo da su aji mako mai zuwa, mu rubuta wasiƙar tare.

TAMBAYOYI

1. Su wane ne malaman taki, kuma mene ne aikinsu?
2. Faɗi wurare uku da ake ajiye tsofaffin takardun ƙasar Kano.
3. Kwana nawa doka ta ba ofishin gwamnati ya amsa roƙo?
4. In mutum bai iya rubutu ba, yaya zai nemi ganin takardarsa?
5. Don me magatakarda ya rufe rabin shafi?
6. Don me ba a kankare tsohon littafi, ko da akwai kuskure a ciki?
7. Kwafi wasiƙar da ke cikin darasin nan a littafinka, ka cika wuraren da aka bari da sunanka da na garinku.